Dokar Madam Furera

Ba wanda ya bugi Rabilu. Wannan ne ya fi ci ma yayarshi Furera rai daga baya, don da an buge shi, da ta san wanda za ta nuna da yatsa.

Rabilu dillalin awaki ne, mutumin garin Maijirgi, mai mata ɗaya da ƴaƴa ƙanana. Tun yana yaro yake fama da ciwon fuka, shi ya sa ba ya rabuwa da ɗan abin shaƙarshi a aljihun riga. Ranar wata kasuwa, ana tsakiyar bazara, a wani gari da ke arewa da gudron, babbar hanyar kwalta, garin da Furera ta daina ambatar sunanshi tun daga lokacin, wani mutum ya kama igiyar akuyar da ke hannun Rabilu ya ce tashi ce, sace ta aka yi. Rabilu ya ce saye ya yi, ya faɗi sunan wanda ya sayar mashi da ƙauyen da yake. Mutane suka taru, hayaniya ta yi yawa, jami'an ɗan ofishin tsaro na garin suka zo suka tafi da shi da akuyar duka. Suka ce maganar ba ta da wuya, a je a ɗauko wanda ya sayar, in ya amsa, Rabilu ya kama hanyar gida. Sai dai motarsu ba esansi, wato ba mai, ƙauyen kuma da nisa, cikin rairayi. In dangi sun kawo na esansi, za a tafi.

A bakin ƙofa aka karɓe kayan aljihunshi kamar yadda ake yi ma kowa, har da abin shaƙar. Ɗakin da aka sa shi na siminti ne da rufin kwano, tagarshi ɗaya ce ƴar ƙarama can sama, ga shi ranar kasuwa, an cika shi da mutane.

Matarshi Sakina ta bi maƙwabta gida gida, amma rumbuna sun yi ƙasa, ba ta samu abin kirki ba. Kunya ta hana ta kiran Furera sai da yini na biyu ya kusa ƙarewa. Furera tana Tasawa, ba ta daɗe da aje aikin koyarwa a lakwal, makarantar boko, ba. Gari na wayewa ta ɗaura kuɗin a bakin zane ta hau kabu-kabu. Ta iske an fito da ƙanenta an shimfiɗe a gindin itacen bedi, an lulluɓe shi da bargon wani jami'i. Waɗanda suka kwana da shi suka ce ya daɗe yana shaƙewa, sun yi ta bugun ƙofa, mai gadi ya zo ya miƙo ruwa, amma ya ce mabuɗin akwatin da aka sa kayan yana hannun shef, shugaban ofishin, shef kuma ya tafi raba wata rigimar rijiya a kan moto, wato babur, na aro.

Aka kai shi Maijirgi aka rufe. Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, Allah ya ba da haƙuri. Furera ta amsa da amin, don ta yarda kwana ne ya ƙare. Amma da aka share makoki ba ta koma Tasawa ba, garin nan ta nufa.

Ta tafi da niyyar faɗa ma shef maganar da ba zai manta ba. Sai ta iske ɗan saurayi siriri, baƙo daga yammacin ƙasar, Hausarshi ba ta nuna ba. Ya miƙe tsaye da ya gan ta, ya yi mata gaisuwa da Faransanci, idonshi a ƙasa. Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya kai ta ta leƙa ɗakin, zafin da ya fito daga ciki ya sa ta ja da baya. Ya nuna mata motar, ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa don ta ji amon. Ya ce esansin da ake ba su ba ya kaiwa ko'ina, majon, ma'aikacin jinyar da ke gidan likita, kuma yana zuwa duba mutum in an ɗauko shi, amma ba wanda aka ce shi zai biya ɗaukowar.

"Madam," ya ce, "ku je ku faɗa a sama. Ni in na faɗa, wuri za a canza mani, a kawo wani ya iske abin da na iske."

Ta fito ba ta samu wanda za ta tsana ba, kuma hakan ya fi mata nauyi bisa ga tsanar.

A wani gidan rediyo na Tasawa akwai shirin da ake buɗe ma masu saurare layi. Ranar wata Lahadi ta kira, ta faɗi sunanta da sunan ƙanenta, ta ba da labarin daga akuya har gindin bedi, muryarta ba ta rawa, kamar tana karanta ma yara dikte suna rubutawa. Bayan kwana kaɗan wani mutum ya neme ta a salula. Ya ce sunanshi Halilu, ajidan ne, ƙaramin hafsa, da ya aje kaki, yana zaune a Mayahi yana noman gyaɗa. Ya ce ya ji ta, kuma in da gaske take, kuka a rediyo ba ya gyara komai, doka ake bi.

Ajidan Halilu gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin bakinshi ya yi fari, yana magana a hankali kamar mai tsoron kalmomi su ƙare. Ya zo Tasawa ranar kasuwa suka zauna a zauren gidanta. Ya ce mata a takarda akwai abubuwa masu kyau da aka rubuta game da wanda aka tsare, amma takarda ba ta tuƙa mota. Abin da ya rasa gani duk tsawon aikinshi shi ne wurin da aka ce ga wanda zai biya likitan, ga wanda zai cika tankin, don kada a miƙa ma talaka hannu. Furera ta ce ita ba wannan kaɗai take so ba. Tana son mutanen gari, ko liman ne ko malamar lakwal ko wani dattijo, su samu izinin leƙa ɗakin nan duk ranar da suka ga dama, ba tare da an sanar ba. Halilu ya ce wannan shi ne zai yi wuya, amma a sa.

Shi ne ya kawo mata Tanna. Buzuwa ce daga wata ƴar tunga kusa da Kanambakashe, doguwa, baƙin mayafi, ba ta taɓa shiga lakwal ba. Ɓarayi sun kore masu bisashe a wata kaka. Ta taka da ƙafa har wurin masu kaki, aka ce ta kawo na esansi. Kafin ta sayar da abin wuyanta ta dawo, iska ta share sawun. Mijinta ya ɗauki takobi ya bi bayansu shi kaɗai, kuma har yau ba a ga ko takalminshi ba.

Da farko matan biyu ba su jitu ba. Furera tana son a sa ma masu kaki ido, Tanna kuwa so take a ƙara su, a ba su mota da mai, su riƙa zuwa in an kira. Duk sa'ad da Furera ta yi maganar haƙƙin wanda aka kama, sai Tanna ta juya kai, don ita a ganinta wanda aka kama ɓarawo ne. Sai ranar da Sakina ta zo Tasawa da ƙaramar ƴarta a goye, ta zauna tana ba da labarin yadda ta bi gidaje. Tanna ta saurara har ƙarshe, ta miƙa hannu ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya. Tun daga ranar ba ta ƙara juya kai ba.

Suka kafa ƙungiya. Suka bi kasuwannin mako, Hawandawaki, Maijirgi, Kanambakashe, Mayahi, suna tsayawa gefen masu awon hatsi suna tambayar wa abin ya taɓa shafa. Ba su sha wuyar samu ba. Kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa sayar da tunkiya don a zo a duba mashi sata, ko don a fito da ɗanshi. Mutane suka fara kiran abin dokar Madam Furera, wasu da girmamawa, wasu da dariya.

Manyan da suka je wurinsu duk sun karɓe su da mutunci. A biro na farko, wani ofishin hukuma, aka ba su ruwan sanyi aka ce maganar ta fi ƙarfin departema, wato hukumar yankinsu, sai Maraɗi. A Maraɗi aka ce doka a Yamai ake yin ta. Wata ƙungiyar Turawa ta ji labarinsu ta gayyace su ataliye, taron bita, a wani otal mai sanyi a Maraɗi, aka yini ana rubutu a manyan takardu ana mannawa a bango, aka ɗauki hoto, aka raba ma kowa ambulan. Tanna ta tambayi Furera ko yanzu an gama, dokar ta fito. Furera ta rasa yadda za ta bayyana mata cewa ko farawa ba a yi ba.

Ƙofar da ta buɗe da gaske ta wani tsohon ɗalibin Furera ce. Muddassir sunanshi, ta koya mashi karatu yana ɗan mitsitsi mai yawan zubar da tawada, yanzu ya zama depite, ɗan majalisar ƙasa. Ya zo gida hutu, ta aika mashi, ya zo da kanshi ya cire takalmi a bakin zaure, ya ƙi zama kan kujera. Har yanzu Madam yake ce mata. Ya ji bayanin Halilu, ya ji na Tanna, ya yi tambayoyi masu ma'ana, bai yi alkawarin da ya wuce ƙarfinshi ba. Ya ce shi ƙarami ne a majalisa, amma akwai gyaran wata doka da ake shirin dubawa, zai nemi a saurare su a kwamiti. Furera ta koma ɗaki ta zauna bakin gado, ta ji tana sa rai, abin da ta manta yadda yake. Daga baya ta kan ce da ma ƙarya ya yi masu tun ranar, da sun huta da wuri.

Ya cika alkawari. Bazara ta zagayo karo na biyu da rasuwar Rabilu lokacin da suka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai su uku. Yini guda cur suna tafiya. Tanna ba ta taɓa wuce Maraɗi ba, ta riƙe buhun cukunta a cinya tana kallon garuruwa suna wucewa. Suka sauka gidan wata ƴar ƙanwar Halilu, suka jira, aka ɗaga ranar, aka sake ɗagawa, guzurinsu ya fara ƙarewa. Sannan aka kira su.

Ɗaki ne mai dogon tebur, da sanyin da ya sa Furera ta ja mayafi. Akwai ƴan majalisa, akwai wani babban jami'i cikin kaki, akwai wani mutum mai tabarau daga wajen masu riƙe kuɗin ƙasa. Furera ta yi magana da Faransanci, a tsare, kamar yadda ta shirya. Halilu ya yi tashi a matsayin wanda ya san abin daga ciki. Da aka zo kan Tanna ta yi da Hausa, Muddassir yana juyawa. Ba ta daɗe ba. Ta ce ita ba ta san doka ba, abin da ta sani shi ne ta je neman taimako aka sa ta ciniki. Wata ƴar majalisa ta goge ido da bakin gyalenta.

Babban jami'in bai musanta komai ba. Ya ce yaranshi suna mutuwa a kan iyaka, ana binne su ba a sa su a rediyo, kuma in aka bar kowane mai wucewa ya shiga ɗakin tsare mutane, wata rana ɗan leƙen asirin ƴan bindiga ne zai shigo da rigar liman. Mai tabarau kuwa bai ɗaga murya ba. Ya tambayi yawan irin waɗannan ofisoshi a ƙasar, da yawan likitocin da za a buƙata, da tsawon hanyoyin. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya san abin da ake faɗa gaskiya ne.

"Amma ku gaya mani daga ina zan cire," ya ce. "Daga lakwal? Daga maganin yara? Madam, ke malama ce, zaɓa mani."

Duk shirin da Furera ta yi, ba ta shirya ma wannan ba.

Bayan mako guda Muddassir ya zo masaukinsu da abin da kwamiti ya yarda da shi. Maganar mutanen gari su leƙa ɗaki an cire ta gaba ɗaya. Maganar esansi an ce sai lokacin kasafin kuɗi, bayan damina. Maganar likita ta tsira, amma an maƙala mata wutsiya: dans la mesure du possible, wato in hali ya yi. Furera ta shekara da shekaru tana koya ma yara Faransanci, ta san abin da waɗannan kalmomi suke yi ma jimla. Ta ce ranar da Rabilu ya mutu ma hali ne bai yi ba.

A nan ne suka yi faɗan farko da Halilu. Shi ya ce a karɓa, ƙafa ɗaya a cikin ɗaki ta fi biyu a waje, in an samu layin nan baɗi a nemi goge wutsiyar. Ita ta ce in suka karɓa za a ce an biya masu buƙata, ba wanda zai ƙara sauraren su. Ta ce mashi har yanzu kakin bai fita daga jikinshi ba. Maganar ta yi mashi zafi, ya tashi ya fita tsakar gida. Tanna ce ta raba gardamar, ba da niyya ba. Ta ce ita dai a sa ta a mota, hadari ya fara haɗuwa, kuma ba ta da wanda zai yi mata shuka.

Furera ta karɓa. Ta nemi gafarar Halilu a tasha, ya ce ba komai, amma a kar bai zauna kusa da ita ba. Muddassir ya raka su har bakin mota yana cewa zaman kasafi na zuwa, zai tsaya tsayin daka, ta shirya dawowa.

Gero ya kai gwiwa lokacin da labari ya zo daga Yamai cewa sojoji sun karɓi mulki. Furera tana tsakar gida tana tsince wake, rediyo na gefenta. Cikin sanarwar da ta biyo baya ta ji an dakatar da hukumomin ƙasa, har da majalisa. A titi samari suna ta murna a kan moto, wasu gidaje kuma an rufe ƙofa an yi shiru. Ita ba ta ji murna ba, ba ta ji tsoro ba. Tunaninta ɗaya ne: ina layin nan nasu yake yanzu, da wutsiyarshi? Ta kira Muddassir, salularshi a rufe.

Aka rufe iyaka, kaya suka yi tsada, wuta ta riƙa ɗaukewa. Mutanen da suke zuwa taron ƙungiya suka ragu, kowa yana neman abin da zai sa a tukunya. Turawan ataliye suka tattara suka tafi. Da ta kira Halilu kan su sake rubuta buƙatarsu su kai ma sababbin hukumomi, ta riƙa jin kukan awakinshi ta cikin wayar. Ya ce mata yanzu ƙasa tana cikin yaƙi, duk wanda ya ce a sa ma mai kaki ido, ba a san yadda za a fassara shi ba. Ya ce yana da iyali, kuma ɗan abin da ake ba shi na aje aiki shi ne abincinsu. Ya roƙe ta ta cire sunanshi, ba don ya daina yarda da maganar ba. Ta ce ta gane, Ajidan. Kuma ta gane ɗin.

Muddassir ya dawo Tasawa bayan kaka, ya rame, ya buɗe shagon sayar da taki da iri kusa da tasha. Ta iske shi yana auna ma wani manomi. Ya bar awon ya kawo mata benci. Ya ce takardun suna cikin wani biro da aka kulle, bai san wa ke riƙe da mabuɗin ba, kuma ko an buɗe, ba majalisar da za a kai su. Ya ce ta yafe mashi. Ta ce bai yi mata komai ba sai alheri. Suka zauna suna kallon motoci.

Ita kaɗai ta rubuta, ta kai biro da hannunta. Sakatare ya buga hatimi ya ce za a neme ta. Ta koma sau da yawa, har ya daina ɗaga kai in ta shigo.

Tanna ce ba ta ji ɗuriyarta ba. Da rani ya yi nisa Furera ta hau motar kasuwa zuwa Kanambakashe, daga can ta samu amalanken jaki da ke komawa wajen tungarsu. Ta iske Tanna ta yi ƙiba kaɗan, ga awaki a garke, ga ma raƙumi ɗaure a bayan bukka. Tanna ta yi murnar ganinta, ta shimfiɗa tabarma, ta dama mata fura. Ta ce sata ta yi sauƙi yanzu. Tungayen wajen sun haɗa kai sun ɗauki ƴan banga, samarinsu ne na gida da wasu mafarauta, ana ba su damen hatsi a kaka. In an kira su ba sa tambayar komai, gudu suke zuwa.

Suna cikin hira Furera ta ji wani nishi daga wajen rijiya. Ta tashi ta leƙa. Wani mutum ne ɗaure a jikin gawo, hannuwanshi a baya, igiyar ta nutse cikin nama har yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Gawon ya yi inuwa, amma ta gefen da ba inuwar aka ɗaure shi, rana tana dukan fuskarshi. Samari biyu suna zaune nesa kaɗan da bindigogin gargajiya a cinya suna shan shayi. Tanna ta ce an gan shi ne da tunkiyar da ba a san shi da ita ba, ana jiran mai ita ya zo daga wani ƙauye ya duba. Tun jiya ake jira.

Furera ta nufi samarin. Ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce, ta tambaye su wa ya ba su izinin ɗaure mutum. Babbansu ya amsa da ladabi, ya kira ta Inna, ya ce mutanen gari ne suka ba su. Ta ce to a kai shi hukuma. Ya ce in an kai, gobe a gan shi a kasuwa. Ta ce a sassauta igiyar, hannun zai mutu. Suka dubi juna. Ɗayan ya tashi ya zagaya da mutumin ɓangaren inuwa, ya ɗan taɓa ƙullin, ita dai ba ta ga ya sassauta ba. Mutumin bai dube ta ba, leɓɓanshi kawai ke motsi.

Ta juyo ta iske Tanna tsaye a bayanta, mata sun fara leƙowa daga bukkoki.

"Yaya," Tanna ta ce, a hankali don kada a ji, "na bi ki har Yamai. Na tsaya gaban manya na faɗi abin da ban taɓa faɗa ma uwata ba. Me muka dawo da shi? Waɗannan su suka dawo mani da awakina."

"In ba shi ya sata ba fa?" Furera ta ce.

Tanna ta dubi gawon, ta dubi ƙasa. Ta ce in ba shi ba ne za a sake shi. Sannan ta ce gidanta gidan Furera ne ko yaushe, amma ta roƙe ta da Allah kada ta ƙara zuwa da wannan magana, don ita a nan take kwana.

Mai amalanke yana sauri ya koma kafin motar kasuwa ta tashi. Tanna ta ɗaure mata cuku a leda, ta raka ta har bakin hanya, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Jakin ya ja, rairayi yana cin ƙafafun amalanken. Furera ta zauna bisa buhun wani tana fuskantar gaba, ba ta waiwaya ba sai da tungar ta ɓace bayan tudu.

A Tasawa ta kwanta zazzaɓi na ƴan kwanaki. Da ta tashi ba ta koma biro ba. Sakina ta yi aure a Hawandawaki a wannan shekarar, ta bar mata babbar ƴar Rabilu don ta yi lakwal a gari, kuma hidimar yarinyar ta cika mata yini. In wani ya tare ta a kasuwa ya ce Madam, ina labarin doka, sai ta ce ana nan ana jira, ta wuce wajen masu kayan miya.

Ta tambayi direban motar Kanambakashe labarin mutumin da aka ɗaure. Ya ce ya ji an sake shi. Wani mako ta sake tambaya, yaron motar ya ce a'a, shi ya ji an wuce da shi wani wuri, wata mata a cikin motar kuma ta ce ai wannan wani ne daban, na wata tunga, don yanzu abin ya yi yawa. Furera ba ta san sunanshi ba, ba ta da yadda za ta bambanta shi da sauran. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba.